Kwana Shida da Kawu Rijistara, Daga Kazaure Zuwa Magariya

Duk sanda na haɗu da tsofaffin abokan aikina na Kano, ba a tashi sai wani ya ce, "Wai Hajara, da gaske har Nijar kuka tsallaka ke da tsohon nan?" Ɗalibaina ma haka suke damuna. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, ina zaɓar wa kowa wurin da zai ba shi dariya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Shekara tara na yi ina aikin lauya a ofishin wani babban lauya a Kano. Abin da ya fitar da ni shari'ar wani dattijo ce daga ƙasar Roni. Ya dangwala yatsa a takarda yana zaton jinginar gona ce, ashe sayarwa aka rubuta. Shaidu biyu suka rantse an karanta masa. Muka yi shekara biyu muna kai da komo, muka faɗi. A bakin kotu shi ne ma yake ba ni haƙuri, yana cewa, "'Yata, kin yi iya yinki. Ni ne na zo miki a makare." Wata uku bayan nan na ninke baƙar rigata na sa a akwati. Na karɓi aikin koyarwa a wata kwaleji, sannan ni da wata ƙawata da ta san kwamfuta muka haɗa manhajar waya, wadda mutum zai danna ya ji darasin doka da Hausa. Da muryata na ɗauki darussan, kuma ina ji da su ƙwarai.

Wanda abin ya fi ɓata wa rai shi ne Kawu Sale, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ya fi shekara talatin yana rijistara a ƙananan kotuna, ya zauna Roni, ya zauna Gwiwa, ya gama a Babura, har sunan aikin ya danne nasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ranar da na gaya masa na bar aiki, ya dube ni ya ce:

"Uwata, na tsufa ina zaune ƙasa da kujerar alƙali ina rubutu. Kullum ina cewa wata rana jinina zai hau kujerar nan. Sai ki zo ki ce mini kin koma wasa da waya?"

Wata huɗu in na gaishe shi ba ya wuce "lafiya lau". Da na shirya zagaya ƙauyuka don in gwada darussan a gaban mutane, maigidana bai samu hutu ba, sai Inna, mahaifiyata da ke Kazaure, ta ce ba inda zan je ni kaɗai. Ita ta taka har gidan Kawu. Ban san me ta gaya masa ba. Na dai gan shi ranar tafiya da buta da darduma, ya shiga gaban motata, ya ce shi rakiya aka aiko shi, kada in sa shi cikin harkata.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, ana cirar gyaɗa. Muka isa Roni da hantsi, ranar kasuwa. Bayan mun gaida dagaci, aka ba ni inuwar wata darbejiya, mutane suka taru, yawancinsu don su ga matar da ke tuƙa mota. Na ɗora ƙaramar lasifika a kan benci na danna. Sai ga muryata tana cewa, "Yarjejeniyar mallakar ƙasa ba ta inganta a idon doka sai ta cika sharuɗɗa kamar haka." Minti bakwai tana zuba. Da ta ƙare aka yi tsit. Can wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta gyara zama ta ce, "Hajiya, karatu ya yi daɗi. Amma wa ya rasu?"

Ta zaci sanarwar rediyo ce. Aka kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar in nutse.

Duk wannan Kawu yana cikin mota, ƙofa a buɗe, yana jan carbi. Sai wani dattijo ya leƙa ya ce, "Kai! Rijistara? Kana nan da ranka?" Kafin ka ce me an jawo shi inuwa, ana ta tuna masa alƙalan da suka shuɗe. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, me 'yar taka take faɗi ne?"

Kawu bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Cewa take, kada ka dangwala yatsa a takarda sai ɗanka ko wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ba ɗan mai saye ba. In jingina ce a rubuta jingina, a rubuta ranar fansa. Kuma kada ka tashi sai an ba ka taka takardar ka kai gida."

"To ai sai ta faɗa haka!" in ji mai ƙuli-ƙuli.

Muka kama hanyar Gwiwa, muka yi nisa. Sannan Kawu ya ce, yana kallon gonaki, "An kai ki makaranta ki koyo Turanci, ba a ce ki bar Hausa a can ba." Haushi ya sa na ƙara wuta, haushin kuma ya sa ban ga yashin wani busasshen rafi ba sai da muka afka. Mota ta kafe. Wasu masu yankan dawa suka zo taimako. Babbansu ya ce in fito, tuƙin yashi ba na mata ba ne. Ya shiga ya taka, taya ta haƙa rami har gindin mota ya zauna a ƙasa. Ya fito yana share gumi, ya ce motar ce ba ta da ƙarfi. A ƙarshe sai da aka kawo shanun huɗa aka ɗaura igiya, na koma mazaunina, Kawu da babbar rigarsa yana turi a baya. Da muka fita na hango shi ta madubi, yashi har gemu, yana dariyar da na yi wata huɗu ban gani ba.

A Gwiwa mun sauka gidan Hajiya Tabawa, matar marigayi masinjan kotu, aminin Kawu. Kawu aka gyara wa shagon zaure, ni na shiga ɗakinta. Ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, ta kwarara man shanu har yana iyo. Ni da na saba da ɗan cokali biyu a Kano, sai da ta tsaya a kaina na cinye malmala biyu, tana cewa matan birni duk yunwa ce ke sa su fushi.

Da la'asar matan unguwa suka cika tsakar gida. Na ciro waya in nuna musu manhaja, ta yi ta juyi ta ƙi buɗewa, babu sabis. Hajiya Tabawa ta ce, "Bar wahalar da kanki. Mu nan babbar waya ta masu gida ce, tana aljihunsu. Abin da muke da shi ga shi." Ta nuna mini wata 'yar rediyo a kan taga, wadda ake sa wa memori ana jin wa'azi ana surfe. Wata da watanni muna aikin manhaja, ba mu taɓa tambayar a hannun wa wayar take ba.

Na ajiye waya, suka shiga tambaya. Wata ta ce gonar da ta gada wajen mahaifinta, tata ce ko ta mijinta, tunda shi ke nomawa? Na ce tata ce. Ta sa na maimaita sau biyu, ta juya ta ce wa maƙwabciyarta, "Kin ji ko?" Har aka kira magariba ban numfasa ba. A shekara tara na aikin lauya ban taɓa amsa tambayoyi masu yawan na wannan yammacin ba.

Washegari muka hau babur zuwa rugar Arɗo Buba, wani tsohon sanin Kawu. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Na kunna masa darasina na ɓarnar dabbobi, wanda na riga na sauke a waya. Ya saurara har ƙarshe, sanda a kafaɗa. Sannan ya ce, "Barista, kin gaya wa manomi inda zai kai ƙara in saniya ta ci masa dawa. Daidai ne, mu ma muna noma. To ni in na dawo da shanu na tarar an nome burtali, wa zan gaya wa?"

Ba ni da darasi a kan wannan. Ban ma taɓa tunaninsa ba. Kawu ne ya cece ni. Ya ce ya tuna wata tsohuwar shari'a a kan wannan burtalin, ya shiga lissafo iyakokinsa da ka, daga tsamiya biyu zuwa tsohuwar rijiya, daga rijiya zuwa dutse. Arɗo yana gyaɗa kai yana cewa, "Tsamiya ɗaya ta faɗi, Rijistara, amma kututturen yana nan." Ni dai ina gefe ina rubutu kamar ɗalibar aji ɗaya.

Da muka koma Kazaure ranar, duk na karaya, na gaya wa Inna na fasa zuwa Babura, zangonmu na gaba, zan kira tsohon maigidana na ofis in ji ko gurbina yana nan. Da safe na fito tsakar gida, aka ce ana sallama da ni. Kawu ne a jikin mota.

"Ba Babura kika ce ba? Rana tana yi."

Babura gari ne na hada-hada. Manyan motoci cike da hatsi, kara cike da dabbobi, kuma rabin cinikin da za ka ji ana yi, da sefa, kuɗin Nijar, ake ambatonsa. Kafin mu shiga kasuwa Kawu ya ce in tsaya a gaban wani tsohon gini mai rufin kwano, a kulle, awaki kwance a barandarsa. Nan ce kotun da ya gama aiki, kafin a koma sabon gini. Ya zagaya ya leƙa ta wata taga.

"Nan teburina yake," in ji shi. Sannan ya ce, "Kin san abin da ya fi damuna a aikin nan? Sai ka ga mutum ya shigo da gaskiyarsa, amma bai san yadda zai faɗe ta ba. Ka san kalma ɗaya da in ya faɗa ya tsira. Tana bakinka. Amma kai rijistara ne, ba a ce ka yi magana ba, rubutu aka ce ka yi. Sai ka rubuta faɗuwarsa da hannunka, ka busa tawada, ka rufe littafi." Ya goge hannunsa da ya taɓa ƙurar taga. "Shi ya sa na so ki hau kujera. Na zaci daga can ne kawai ake iya magana."

Na buɗe masa ƙofar mota, muka nufi kasuwa.

A kasuwa aka kai mu rumfar Malam Nasiru mai caji, wani magidanci mai fara'a, wanda ke tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Na yi masa bayani, ya saurari darasi biyu, ya ce, "Hajiya, in faɗi gaskiya? Ya yi tsawo. Mutum yana kan amalanke ba zai ji minti bakwai ba. Kuma muryarki ta aji ce." Ya nuna Kawu da haɓa. "Ga murya nan zaune. Tun da Baba ya yi sallama na ji ta."

"Ni ba mawaƙi ba ne," in ji Kawu.

Amma bayan azahar, a gidan da muka sauka, shi da kansa ya ce in kawo takardun nan ya gani. Muka shiga mota muka rufe gilashi don hayaniya, zafi kamar tanda. Ya yi gyaran murya, ya fara da salati, jaki ya yi kuka, muka sake. Ni ina gyara masa doka, shi yana gyara mini Hausa. Ya ce beli kyauta ne ko'ina, na ce a'a Kawu, a bambance na wajen 'yan sanda da sharuɗɗan da kotu ke gindayawa. Na rubuta "wanda ake tuhuma da aikata laifi", ya soke ya ce "wanda aka kama" ya isa. Muka yi musu har ya buɗe ƙofa zai fita, ya tuna jakin, ya rufe. Kafin la'asar sakaliya mun ɗauki darasi biyar, har da na burtali, kowanne bai kai minti uku ba.

Da muka kai wa Malam Nasiru, ya kunna a lasifikar rumfarsa. Masu jiran caji suka yi shiru, wani mai tallan goro ya sauke farantinsa. Nan take mutum huɗu suka miƙo memori. Sai Malam Nasiru ya ce, "Amma fa Hajiya, biyu daga cikin waɗannan mutanen Magariya ne. Abin nan gobe yana Nijar. Dokar ɗaya ce da can?"

Ba ɗaya ba ce, kuma ban san tasu ba. Na ce ya dakata da turawa. Kawu ya ce, "To ai sai mu je mu tambaya."

Haka tsallakawar ta samo asali, ba shiri. Muka bar motata a Babura, muka shiga ƙaramar bas tare da wani Alhaji Mamman, ɗan kasuwar hatsi na Magariya, wanda Malam Nasiru ya haɗa mu da shi. Aka cusa mu mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun barkono a ƙarƙashin ƙafata, na yi ta atishawa har iyaka. A ɓangarenmu aka duba takardu muka wuce. A nasu ɓangaren wani jandarma, wato jami'in tsaronsu, dogo, mai Hausa tsantsa, ya buɗe babban littafi yana rubuta sunaye. Da ya zo kaina ya ce, "Madam, sana'a?"

Tun da na bar aikin lauya ban san amsar wannan tambaya ba. Kawu daga bayana ya ce, "Malama ce. Doka take koyarwa." Ya leƙa littafin ya ƙara da cewa, "Rubutunka yana da kyau, yaro." Jandarman ya yi murmushi ya buga hatimi.

Magariya ba ta yi mini kama da wata ƙasa ba sai da na buɗe baki. Na nemi biro a kanti aka yi ta kallona, sai da na kwatanta rubutu aka ce, "Au, bik!" Makaranta lakwal ce, kotu kuwa jastis. Da safe iyalin Alhaji Mamman suka kawo mini dogon burodi mai tauri, na ɗauka ya kwana biyu ne, na ture shi gefe cikin dabara, ashe yanzu aka ciro shi daga gidan burodi. Uwargidan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta nuna mini yadda ake tsaga shi a shafa man shanu. Shayinsu kuma ba irin namu na babban kofi da madara ba ne. Ɗan mitsitsin kofi ne, baƙi, mai ɗaci, kuma sau uku ake zagayowa da shi. Na sha na farko na miƙe zan yi godiya, Kawu ya ja mayafina ya ce in zauna, ba a tashi a na fari. Da rana aka yi mana dambun zogale da kilishi wanda har yau ban ci kamarsa ba.

Alhaji Mamman ya kai mu wajen Malam Isufu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin tafinta a kotu. Ya saurari darussan ido a rufe. Da aka zo na gona ya ɗaga hannu.

"Nan ne za a samu matsala, Madam. Mu a nan, rigimar gona sai ta fara bi ta gaban sarakuna a nemi sulhu, a rubuta takarda, kafin a doshi jastis. Wanda ya ji wannan ya tafi kai tsaye, za a maido shi, ya yi asarar tafiya, wataƙila damina ta wuce shi."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini inda muka haɗu da inda muka rabu. Daga nan zancen ya fi ƙarfina, ya koma tsakanin tsofaffin biyu. Kawu ya yi mamakin jin alƙalansu da Faransanci suke shari'a ko da kowa a ɗakin Bahaushe ne. Malam Isufu ya yi mamakin jin lauyoyinmu suna ɗora farin gashi a ka cikin zafin bazara, ya sa na rantse da gaske ne. Kawu ya ce masa, "Kai ka more, aikinka magana." Malam Isufu ya ce, "Wace magana, Alhaji? Ta wasu ce. In mutum ya faɗi abin da zai kashe shi, haka zan juya shi, ba ragi ba ƙari." Suka kalli juna, suka yi dariya irin ta waɗanda suka gane juna, aka zagayo da shayi na uku.

Kafin mu tashi suka haɗu suka tsara 'yar gabatarwa da za a liƙa a farkon kowane darasi. Kawu ya ce, "Wannan dokar Najeriya ce." Malam Isufu ya karɓa da irin Hausarsu, ya ce wanda ke Nijar ya tambayi masana na wajensu kafin ya ɗaga ƙafa. Sau ɗaya suka ɗauka, ba jaki, ba musu.

Muka dawo Babura ranar ta shida, muka ba Malam Nasiru sababbin, muka kamo hanyar Kazaure. Ban kira tsohon ofishina ba. Manhajar tana nan har yanzu, mun gyara ta, ɗalibai da 'yan birni suna amfani da ita, amma memori ne ya kai darussan inda ban taɓa takawa ba. Masu tambayata ko ina kewar kotu, ina yi. Wani lokaci in na wuce na ga lauyoyi a baranda suna gyara kwala, sai in rage tafiya ina kallonsu. Amma abin da na fi kewa shi ne motar nan mai zafi, gilashi a rufe, ana musu da ni a kan kalma ɗaya.

Shekara biyu da wani abu muka yi muna aiki tare. Duk Asabar zan zo daga kwaleji da rubutuna, ya soke rabi, ya ɗauka da muryarsa. Da ciwo ya kwantar da shi numfashinsa ya daina kai jimla, sai na ɗauki wani darasi a kan rabon gado da kaina, na kai masa ya ji, don in ya samu sauƙi ya sake. Yana kwance a ɗakinsa, Inna tana yi masa fifita. Na ɗora wayar a kan matashi. Ya saurara har ƙarshe, ya yi alama da yatsa in maimaita. Na maimaita. Ina jira in ji inda zai soke.

Ya buɗe ido ya ce, "Uwata, wannan ba sai na sake ba. Kai wa Nasiru."